Na'ura ta ɗora wa talaka laifin fari, na'ura ta wanke shi, saura diyya

Akwai wata magana da ta zama ruwan dare a bakin manyan ma'aikata na Yamai. Ana jin ta a kowane taron ƙara wa juna sani, tun daga babban zauren taro na bakin kogi har ƙananan ɗakunan otel inda ake raba kuɗin zama bayan la'asar: "Binciken masana ya nuna." Da zarar mai jawabi ya furta ta, sai kowa ya gyara zama ya yi shiru, kamar an jawo aya. Ba mai tambayar wane masani ne, da wane lissafi ya yi aiki, kuma a wace rijiya ko a bakin wane gulbi aka auno alƙaluman da ya zuba cikin na'urarsa. Da wannan magana aka shekara fiye da ashirin ana gaya wa manomin Maraɗi da makiyayin Tawa cewa su suka kori ruwan sama da gatarinsu da awakinsu. Kuma wannan hali na rashin tambaya shi ne ya sa a yau, da lissafin ya gyaru har yana gargaɗin ambaliya, ake karɓar takardarsa a jefa cikin durowa a kulle.

Ya kamata ɗan kasuwa da ma'aikaci su san yadda wannan lissafi yake, domin kuɗin hatsi da kuɗin haraji duka suna rataye a wuyansa.

Abin da na'ura ke yi

Abin da masana ke kira modal, wato kwaikwayon lissafi, bai fi ƙarfin fahimtar duk wanda ya taɓa riƙe littafin shago ba. Ana ɗaukar sararin samaniya a yanka shi akwati-akwati a kan takarda. A cikin kowane akwati a rubuta zafi, da nauyin iska, da inda iskar ta dosa, da yawan laimar da ke cikinta. Daga nan sai a bi ƙa'idodin da masana kimiyya suka tabbatar, waɗanda tushensu ɗaya ne da na littafin shago: abin da ya fita daga wannan akwati dole ya shiga na kusa da shi, ba ya ɓata a hanya. A lissafa yadda kowane akwati zai kasance bayan ƴan mintoci, a sake lissafawa, a yi ta maimaitawa har a kai gobe, ko ƙarshen damana, ko shekara hamsin. Haka ake yi wa ruwan kogi, haka ake yi wa ruwan da ke kwance ƙarƙashin ƙasa.

Wani Bature ɗan Ingila, Lewis Fry Richardson, shi ya fara gwada wannan da alƙalami da takarda, ya kuma buga littafinsa a 1922. Hasashen awa shida ya ci masa kimanin mako shida na aiki, kuma amsar da ya samu shirme ce: ta ce nauyin iska zai sauya da ma'auni 145 cikin awa shida, abin da ba ya faruwa a doron ƙasa. Da aka sake duba aikinsa bayan shekaru masu yawa, sai aka ga hanyarsa daidai take; alƙaluman da ya fara da su ne ba su daidaita ba. Tun ranar farko ke nan wannan ilimi ya nuna inda rauninsa yake. Na'ura ba ta da ido. Abin da aka ɗura mata shi take niƙawa, kuma wanda ya zuba tsakuwa a injin niƙa kada ya yi tsammanin gari.

A 1950 aka samu nasarar farko da na'ura mai ƙwaƙwalwa a Amurka, a ƙarƙashin jagorancin wani masani mai suna Jule Charney. A riƙe wannan suna, domin bayan shekara ashirin da biyar ya shigo rayuwar talakan Nijar ba tare da talakan ya taɓa jin labarinsa ba.

Shari'ar 1975

Farin da ya fara a ƙarshen shekarun 1960 ya kai maƙura a 1973. Dabbobi sun mutu, mutane sun cika sansanoni a gefen garuruwa, kuma a ranar 15 ga Afrilu 1974 sojoji ƙarƙashin Saini Kunce suka kifar da gwamnatin Jori Hamani, suna kafa hujja da yadda aka yi da abincin agaji. Duniya ta shiga neman dalilin bala'in. A 1975 Charney ya kawo nasa bayani. Ya ce ƙasar da aka tsiraita ta fi mai ciyayi haske, tana mayar da hasken rana sama kamar yadda farar riga ke yi. Idan ƙasa ta mayar da haske, iskar da ke bisanta takan yi sanyi ta sauko, iskar da ke saukowa kuwa ba ta haɗa hadari. Ruwa ya ragu, ciyawa ta ƙara mutuwa, ƙasa ta ƙara haske, abin ya yi ta cin kansa. Shi da abokan aikinsa suka gwada a na'ura: suka ɗaga yawan hasken da ƙasa ke mayarwa daga kashi 14 cikin ɗari zuwa kashi 35, sai ruwan damana ya ragu da kimanin kashi 40 a yankin Sahel.

Ga inda gizo ke saƙa. Wannan kashi 35 ba a auno shi a Dakwaro ko a Tanut ba. Da hannu aka rubuta shi, domin a ga abin da zai faru idan haka ta kasance. Tambaya ce ta masani, kuma tambaya mai kyau. Amma kafin ta iso teburin masu ba da agaji da na ministoci, kalmar "idan" ta faɗi a hanya, tambaya ta zama hukunci. A wannan shekara ta 1975 kuma wani masani, Hugh Lamprey, ya yi shawagi da jirgi a Sudan, ya gwama abin da ya gani da wata taswirar 1958, ya ce Sahara na tahowa kudu da kilomita biyar zuwa shida kowace shekara. Ya gwama lokacin ni'ima da lokacin fari, ya kira bambancin tafiyar hamada. Taron Majalisar Ɗinkin Duniya na Nairobi a 1977 ya ƙara wa wannan ra'ayi ƙarfi, ya zama karatun da ake biyawa a lakkal da rediyo.

A Nijar wannan ra'ayi ya tarar da sanda a ajiye. Dokar gandun daji ta 1974, wadda ta gaji dokar Turawan mulkin mallaka ta 1935, ta sa gawo da sauran itatuwa masu kariya a hannun hukuma ko da a tsakiyar gonar mutum suka tsiro. Lissafin Charney bai haifi wannan doka ba, amma ya ɗaura mata rawanin ilimi. Malamin daji ya samu hujjar cin tara, manomi kuwa ya koyi darasin da kowane mai hankali zai koya: itacen da zai jawo maka tara, gara ka sare shi tun yana ƙarami kafin a gan shi. Aka kashe maƙudan kuɗi wajen dasa turare da dogon yaro a fili, mafi yawansu suka bushe kafin damana ta zagayo.

Na'ura ta janye ƙara

Awon tauraron ɗan adam ya nuna daga baya cewa hasken ƙasar Sahel bai sauya ko kusa da yadda aka rubuta cikin gwajin 1975 ba. A 1986 wasu masana uku na ma'aikatar yanayi ta Ingila, Folland da Palmer da Parker, suka nuna cewa shekarun fari a Sahel suna tafiya tare da sauyin zafin tekunan duniya: idan tekunan kudu suka fi na arewa ɗumi, sai damana ta ƙi hawowa arewa yadda ta saba. A 1991 hotunan tauraron ɗan adam suka nuna cewa bakin Sahara yana sauka kudu a shekarun fari, yana komawa arewa idan ruwa ya dawo. Ya sauko tsakanin 1980 da 1984, ya ja da baya a 1985. A 2003 Alessandra Giannini da abokan aikinta suka ɗura wa na'ura zafin tekuna kamar yadda aka auna shi daga 1930 zuwa 2000, ba su gaya mata komai game da awaki ko gatari ba, sai ga ni'imar shekarun 1950 da farin 1970 da 1980 sun fito. Wasu bincike tun daga 2002 suka ƙara da cewa hayaƙin kwal na masana'antun Turai da Amurka, wanda ya tare rana ya sanyaya arewacin duniya, yana da nasa kaso a cikin laifin.

Charney bai yi kuskure gaba ɗaya ba. Mutuwar ciyayi tana ƙara wa fari tsanani idan ya riga ya zo. Amma wanda ya ƙara wa wuta kara daban, wanda ya kunna ta daban.

Shi kuwa wanda aka yi wa shari'a, me ya yi? Bayan yunwar 1984, a daidai lokacin da aka yi babban taron Maraɗi kan yaƙi da hamada a watan Mayu na wannan shekara, manoman jihar suka fara barin kututture ya toho a gonakinsu, suna rage rassa suna barin masu ƙarfi, abin da ake kira sassaben zamani. Da hannun malaman daji ya yi sanyi, aka kuma yi dokar karkara ta 1993 da sabuwar dokar gandun daji ta 2004, abin ya bazu daga Maraɗi zuwa Damagaram da Tawa. Masu nazarin hotunan sama sun ƙiyasta eka miliyan biyar na ma'aunin hekta da itace kimanin miliyan 200. Mutumin da aka kira mai kashe daji shi ya raya shi, ranar da aka daina yi masa barazana. Har yau yana sauraron rediyo ko zai ji wani babba ya ce an zalunce shi.

Murabba'in Yamai

Wani zai ce ai wannan ya nuna lissafin Turawa ƙarya ne, a watsar da shi. Mai wannan magana ya manta cewa lissafi ne ya wanke talaka bayan lissafi ya tuhume shi. Abin da ya raba na farko da na biyu shi ne awo. Kuma babu ƙasar da ta kamata ta san haka kamar Nijar, domin a nan aka yi ɗaya daga cikin manyan awon da aka taɓa yi a Afirka.

A 1992 masana daga Faransa da Ingila da Amurka da wasu ƙasashe suka taru a gabashin Yamai domin aikin da aka sa wa suna HAPEX-Sahel. Sun zaɓi fili mai kusurwa huɗu, kimanin kilomita 110 kowane gefe, suka kafa ma'aunin ruwan sama wajen ɗari a ciki. Abin da suka gani kowane manomi ya san shi, amma ba a taɓa rubuta shi da alƙaluma haka ba: wurare biyu da ke tsakaninsu bai wuce kilomita goma ba suna iya bambanta da fiye da milimita 200 a damana guda. To, wannan fili gaba ɗayansa, a cikin manyan na'urorin da ke lissafin yanayin duniya, akwati ɗaya ne, ko ma bai cika akwati ba. Lamba ɗaya ake ba shi. Duk jami'in da ya ɗauko irin wannan lamba ya ce wa mutanen wani ƙauye ga ranar da za su yi shibka, ya ɗora wa na'ura kayan da ba ta ce za ta iya ɗauka ba.

A wannan yanki ne kuma masu zura igiya cikin rijiyoyi suka gano abin da ya ba kowa mamaki. Duk da raguwar ruwan sama, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya hau da kimanin mita huɗu tsakanin 1963 da 2007. Dalili shi ne, da aka share daji aka mai da shi gonaki, fuskar ƙasa ta yi tauri, ruwa ya daina nutsewa inda ya faɗi, yana gudu ya taru a tabkuna, daga can ya sulale ƙasa. Igiya da littafin rubutu ne suka gano wannan, na'ura ta biyo baya. A nan kuma dole a faɗi gaskiya ko da ba ta yi wa masu kare talaka daɗi ba: in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Gatari bai kori hadari ba, amma ya sauya hanyar da ruwa ke bi bayan ya sauka. Ƙasar da mutanenta suka tashi daga kimanin miliyan uku a 1960 zuwa fiye da miliyan 25 ba za ta ce sassabe bai taɓa komai ba.

Rijiya ta bayar, guga ya hana

Wannan ruwa mai gudu shi ne ke cika Sirba da Dargol da Gorwal, ya kwararo cikin kogin Isa da jan launi a watan Agusta da Satumba. Kogin da ya tsaya cak a Yamai a watan Yuni 1985 shi ne ya yi ambaliya a 2012, sannan a Satumba 2020 ya kai kusan mita bakwai, tsawon da ba a taɓa rubutawa ba tun da aka fara awo a 1929, ya fasa shingen Lamorde ya shiga unguwannin hayin kogi. A 2017 wani bincike da ya dogara da hotunan tauraron ɗan adam na shekara 35 ya nuna cewa manyan guguwar ruwa mafi tsanani sun ninka sau uku a Sahel tun 1982. A watan Afrilu 2024 masanan yankin suka fitar da hasashen damana, suka ce ruwa zai wuce yadda aka saba a mafi yawan Sahel, a yi hattara da ambaliya. Damana ta zo, mutum fiye da 300 suka rasu a Nijar, fiye da miliyan ɗaya suka shiga halin ƙaƙa-ni-ka-yi, tsohon masallacin Damagaram ya rushe a farkon Satumba, aka ɗage komawa lakkal zuwa ƙarshen Oktoba.

Tsakanin Afrilu da Agusta wata huɗu ne. Magudanar ruwa nawa aka yashe? Iyali nawa aka tayar daga kwari? Fili nawa hukumomin gari suka fasa yankawa a bakin gulbi? Jami'an da suka karɓi lissafin 1975 hannu bibbiyu, domin ya ɗora laifi a kan wanda ba shi da baki, su ne irin waɗanda ke yin kunnen uwar shegu da lissafin yau, domin shi aiki yake ɗora wa ofis. Lissafin da ke kawo furoje da motoci kat-kat ana yi masa taro. Wanda ke cewa a kashe kuɗin ƙasa a yashe kwata, sai a ce ai gaibu sai Allah. Gaskiya ne gaibu sai Allah, amma tsohon da ya ga hadari ya haɗu a gabas ya ce a kwashe shanya, ba wanda ya taɓa kiransa boka.

Abin takaicin ya wuce nan. Cibiyar AGRHYMET tana Yamai tun 1974. Cibiyar yanayi ta Afirka, ACMAD, tana Yamai tun 1992. Hukumar kula da kogin Isa ta ƙasashe tara, mazauninta Yamai. Ga ƙoshi ga kwanan yunwa. A shekarun tsuke bakin aljihu da bashin albashi, musamman bayan karya darajar sefa a Janairu 1994, ma'aunai sun lalace a faɗin Afirka ta Yamma, masu karanta su sun gaji da aikin da ba lada. Hukumar yanayi ta duniya ta daɗe tana cewa tashoshin awo na Afirka ba su wuce kashi ɗaya cikin takwas na abin da ya kamata ba. Injiniyoyin da ke auna faɗin gada da magudana a yankin sun daɗe suna dogaro da ƙa'idodin da masanan Faransa suka tsara a 1965, aka sabunta su a 1996, alhali ruwan da ke sauka yanzu da ƙasar da yake sauka a kanta duk sun sauya. Kowace gadar da ruwa ya tafi da ita, ɗan kasuwa ne ke biya da motarsa da ta kwana bakin hanya, ma'aikaci ya biya a farashin tiya.

Game da gobe kuma, na'urorin ba su gama daidaitawa ba. A 2005 wata babbar na'ura ta Amurka ta ce Sahel zai bushe ƙwarai a wannan ƙarni, wata ta Japan ta ce zai jiƙe. Mafi yawan na yanzu sun karkata ga ƙarin ruwa a tsakiya da gabashin Sahel, inda Nijar take, da raguwa a can yamma wajen Senegal. Wa zai tantance wadda ta fi dacewa da Gure ko Birnin Ƙwanni, idan babu alƙaluman wurin na shekara da shekaru da za a gwada ta da su? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, amma sai in ya ɗaga kai ya duba.

Abin da ake bin masu mulki

Ko da kaki suke ko da babbar riga, bashin ɗaya ne. A ware wa awo nasa layi a kasafin kuɗin ƙasa, na ruwan sama da na koguna da na rijiyoyi, a biya mai karanta ma'auni a ƙauye haƙƙinsa a kan lokaci. Kuɗin mota kat-kat guda ya isa ya sayi ma'aunin ruwan sama ɗaruruwa. Duk furojen da ya zo ya yi awo a ƙasar nan, a sa masa sharaɗin barin alƙalumansa da tsarin lissafinsa a ma'aikatar yanayi da Jami'ar Abdu Mumuni kafin ya naɗe kayansa. Matasan da suka karanta lissafi da ilimin ƙasa, waɗanda da yawansu suka kare digirinsu a Faransa a kan ruwan Yamai, a ba su kujera da na'ura a gida, maimakon a bar su suna neman aikin kwantaragi. A fitar da taswirar inda ruwa ke ci a kowane babban gari, a manna ta a ƙofar ma'aikatar magajin gari, wanda ya sayar da fili a ciki ya amsa tambaya gaban alƙali. Hasashen damana kuma a karanta shi a rediyo da Hausa da Zabarmanci da Fulatanci da Buzanci da Barbarci, tare da faɗin iyakarsa ƙarara: ga abin da ya fi yiwuwa, ga yadda zai iya saɓawa.

Wannan ita ce diyyar da ta dace da mutumin da aka ci tararsa a kan gawon gonarsa. Ba zai ga kuɗinsa ba, kuma da yawa daga cikin waɗanda suka biya sun riga mu gidan gaskiya. Amma jikansa na da haƙƙin ya miƙe a taro, ranar da wani mai babbar jaka ya sake cewa binciken masana ya nuna, ya tambaye shi a wace rijiya aka zura igiya, a wace shekara, kuma ina littafin yake.